Zangon Jiragen Sama: Daga Filin Sukuwar Kano zuwa Gaɓar Kainji

Tun kafin a san mota, balle jirgin sama, Yawuri zango ce. Fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja sayen goro, da yawansu ta wannan yanki suke bi su ƙetare Kwara. Madugu kuwa ba ya zaɓen zango don kyan gari. Abin da yake dubawa shi ne nisan da jaki zai iya yi a yini, da inda za a sami ruwa da ciyawa, da sarkin da zai tsare masa dukiya, da mashigin da ya fi sauƙin ƙetarawa. Garin da ya faɗa cikin wannan lissafi ya ci moriyar ayari, amma ba don shi ayarin ya fito ba, kuma ran da hanya ta sauya ba wanda zai tsaya yi masa sallama. Turawan farko ma da suka iso nan masu wucewa ne. Mungo Park ya bi ta Yawuri a jirgin ruwa kafin ya halaka a Busa a 1806, Richard Lander da ƙanensa John suka sauka a garin a 1830 suna cigiyar takardunsa, sannan suka gangara da kogin har teku.

Da wannan lissafi na madugu aka fara shata filayen jiragen sama a Arewa. Jirgin wancan zamani yana da iyakar inda mansa zai kai shi, inda man ya ƙare nan ake neman fili. Saboda haka duk mai son fahimtar dalilin da ya sa filin Kano yake inda yake, yake kuma fuskantar inda yake fuskanta, ko abin da aka gina a Kainji da Ambursa a 'yan shekarun nan, sai ya riƙa tambayar kowane zane: tafiyar wa aka sa a gaba lokacin da aka shimfiɗa takarda?

Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa, Arthur Coningham. Jirage ne na katako da yadi, masu fukafukai hawa biyu. Suka bi Nilu zuwa Khartum, suka karkata yamma ta El Obeid da El Fasher, suka ratsa Cadi, ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a filin sukuwa na Kano, a ƙarshen zamanin Sarki Usman. Ba a zana komai dominsu ba. Abin da irin wannan jirgi yake bukata kawai shi ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda aka cire wa kututture da suri, sai kuma wata alama, ko da hayaƙi ne, da za ta nuna wa matuƙi inda iska ke fitowa. Filin dawaki ya cika waɗannan sharuɗɗa. Manufar tafiyar kuwa ba ta Kanawa ba ce: Ingila ce ke son ta gwada ko za ta iya haɗa mallakarta ta gabas da ta yammacin Afirka ta sama.

Sai da aka shekara goma gwajin ya zama hanya. A Fabrairu 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu daga Khartum zuwa Kano da jirgi mai inji huɗu ƙirar DH.86, reshe ne na babbar hanyarsa ta Landan zuwa Afirka ta Kudu, kuma a Oktoba na wannan shekara reshen ya isa Legas. A nan ne aka fara zane na gaske, kuma abin da ya fara shiga zanen zai ba mai karatu mamaki: sauro. A 1933 ƙasashe suka sa hannu a birnin Hague kan wata yarjejeniya ta kiwon lafiya a sufurin sama, saboda fargabar kada jirgi ya kwashi zazzaɓin shawara daga Afirka ta Yamma ya kai Sudan da Masar, daga can ya ƙarasa Indiya. Yarjejeniyar ta ce filin da ke yankin wannan ciwo dole ya yi nesa da gidajen jama'a, a tsare ruwansa daga sauro, a kuma gina wa ma'aikatan jirgi da fasinja ɗakunan da sauro ba ya shiga. Wato dalilin farko na nesanta filin jirgi da gari ba don a kare garin daga jirgi ba ne. Jirgin ake karewa daga garin.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya mai da waɗannan 'yan filaye manyan tashoshi. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940, Bahar Rum ta zama hanya mai wuyar bi ga Ingila, ga shi kuma tana bukatar jiragen yaƙi a Masar. Sai aka riƙa kawo su cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, matuƙa su tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El Geneina, El Fasher, Khartum, har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Abin da ya buɗe tsakiyar hanyar shi ne matakin da gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya ɗauka a Agusta 1940 na bin ɓangaren De Gaulle. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Daga 1941 Amurkawan kamfanin Pan American suka shigo da kuɗi da injina suna faɗaɗa tashoshin. Jirage sun yi nauyi, damina kuma ba ta san ana yaƙi ba, saboda haka fili mai ciyawa ya daina wadatarwa. Dole a yi titi mai tauri, a daɓe marmara, a zuba kwalta, a haƙa magudanan ruwa, a binne tankunan mai. Kuma da zarar an ce titi, an ɗaure kai, domin a fili buɗaɗɗe matuƙi na iya juyawa ya fuskanci iska ta ko'ina, amma titi fuska biyu gare shi.

A wannan gaɓa dai mai zane bai da ta cewa, sai abin da iskar ƙasar Hausa ta ce. Jirgi yana son tashi da sauka yana fuskantar iska, iskar da ta buge shi ta gefe kuwa abokiyar gaba ce. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, ita ce a shimfiɗa titi ta yadda iska za ta bar shi ya yi aiki aƙalla kashi 95 cikin ɗari na lokaci. Mu kuwa iskarmu biyu ce, kowane manomi ya san su. Da hunturu tana fitowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, da damina ta juyo daga kudu maso yamma ɗauke da danshi. Lambobin da ake rubutawa da farin fenti a bakin titi su ke faɗin wannan labari. A kan kamfas gabas digiri 90 ce, kudu 180, yamma 270, sai a cire sifilin ƙarshe. Babban titin Kano lambarsa 06 ta wannan baki, 24 ta wancan, ma'ana yana kwance daga digiri 60 zuwa 240. Ƙaramin titinsa 05 da 23 ne. Na Kaduna da na Maiduguri ma 05 da 23, na Abuja 04 da 22. Duk layi guda suke bi, layin hunturu da damina. Legas da ke bakin teku tata iskar daban ce, titunanta 18 da 36 ne, daga kudu zuwa arewa. A duk tarihin nan wannan ne ɓangaren zanen da ba a taɓa samun saɓani a kansa ba.

Bayan yaƙi Kano ta shiga shekarunta na ganiya. Jirgin fasinja mai farfela ba ya iya tasowa daga Turai ya dire kudancin Afirka ba tare da ya sha mai ba, kuma Kano ce babbar tasha ta farko bayan an ƙetare Sahara. KLM na Holan ya fara sauka a 1947 a hanyarsa ta zuwa Johannesburg. Sabena na Beljiyam yana tsayawa a hanyar Kwango, BOAC na Ingila yana zuwa ta Tarabulus. Hotunan wancan zamani suna nuna wani mutum bisa raƙumi yana busa kakaki idan jirgi ya doso, 'yan kasuwa kuma sun baje jakunkuna da matasan fata suna jiran Turawa su sauko. A Fabrairu 1956 Sarauniya Elizabeth ta zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, a 1957 aka buɗe sabon ginin matafiya. Gini ne mai kyau a ma'aunin lokacinsa, amma fasinjan da aka yi tunaninsa mutum ne mai jaka ɗaya wanda zai sauko ya miƙe ƙafa, ya ci abinci, ya sayi tsaraba, bayan sa'a guda ya koma kujerarsa.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma yanayi ya nuna cewa sanin fuskar iska kaɗai bai isa ba. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC ƙirar Argonaut ya tashi daga Kano zuwa Tarabulus, hadari na haɗuwa a gabansa. Bai yi nisa ba iska ta danno shi ƙasa, ya bugi bishiya, mutum 32 cikin 45 suka mutu. A lokacin ba a gama fahimtar irin wannan iska ba, wadda ke zubowa daga gindin hadari ta bazu a ƙasa, ta fara ɗaga jirgi sannan ta janye masa. Daga baya masana suka riƙa kawo hatsarin Kano a matsayin misali na farko-farko. Shekara hamsin bayan haka, ranar 29 ga Oktoba 2006, irin wannan iska ta shiga cikin dalilan faɗuwar jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa, Allah ya jiƙansa. Na'urorin auna sauyin iska da ake dasawa kewaye da titi a yau, daga irin waɗannan ranaku suka samo hujjarsu.

Sai hanya ta sauya. Boeing 707 da DC-8 da VC10 suka shigo a farkon shekarun 1960, jiragen da ke iya tsallake Sahara su wuce ba tare da sun leƙo ƙasa ba. Ɗaya bayan ɗaya kamfanonin suka ɗauke ƙafa. KLM ne ya fi daɗewa, shi ma a 2012 ya tafi. Filin ya ga baƙin kwanaki a tsakani, mafi muni ranar 1 ga Oktoba 1966 da sojoji masu bore suka kashe 'yan ƙabilar Ibo da ke jiran jirgi, kuma a 1967, da yaƙin basasa ya ɓarke, nan aka sauke jiragen yaƙi na MiG da Tarayyar Sobiyat ta kawo wa gwamnatin tarayya. Amma wanda ya riƙe filin Kano da rai bayan tafiyar masu wucewa shi ne matafiyin da ba a sa shi a zanen farko ba, wato alhaji.

Kakanninmu a ƙasa suke tafiya Makka. Mutum ya bar Yawuri ko Sakkwato ya bi ta Borno da Wadai da Darfur, yana noma yana ƙwadago a hanya, ya kai gaɓar Bahar Maliya bayan shekaru, wasu kuma su zauna a Sudan har abada, zuriyarsu na can har gobe. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya tafi a 1921 ta jirgin ruwa ya bi, ta Ingila. A 1948 attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Dantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda unguwar Wapa a Fagge ta gaji sunanta. Da manyan motoci aka fara, daga baya aka koma shatar jirage. Da kuɗin man fetur suka shigo abin ya zama ambaliya: a 1977 alhazan Najeriya sun haura 100,000.

Wannan matafiyi ya saɓa wa duk lissafin mai zanen ginin 1957. Ba a warwatse yake zuwa cikin shekara ba, cikin 'yan makonni yake zuwa dubu-dubu. Ba shi kaɗai yake zuwa ba, kowane maniyyaci da motar 'yan rakiya. Da yawa tsofaffi ne da ba su taɓa shiga jirgi ba. Yana bukatar ruwan alwala da wurin salla mai ɗaukar sahu, da makewayi masu yawa, maza daban mata daban, da inuwar da zai kwana, domin jirgin da aka ce yau yakan zama jibi. Idan ya dawo kuma kayansa sun ninka. Maganin da aka yi a Najeriya shi ne sansanin alhazai, a gina shi a gefe, a riƙa kwaso mutane a mota idan jirgi ya samu. Wato an ƙara wa zanen faci. Don a ga bambanci sai a dubi Jidda, inda aka buɗe tashar alhazai a 1981. Kamfanin SOM na Amurka ne ya zana ta, babban injiniyanta Fazlur Rahman Khan, ɗan asalin Bangaladash. Ba su yi rufaffen gini mai na'urar sanyaya ɗaki ba. Rumfuna 210 suka kafa masu siffar tanti, na wani yadi mai ƙarfi da ke mai da zafin rana baya, gefe a buɗe iska na ratsawa, domin sun fara ne da tambayar yadda mutum dubu goma za su zauna sa'o'i da yawa su yi salla su dafa shayi. Aikin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1983. Alhajin Arewa ya sha zama a ƙarƙashin waɗannan rumfuna, ya kuma san abin da ya baro a gida.

Alhazai ne kuma suka biya farashi mafi tsada a filin Kano. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi shatarsa, ya taso daga Jidda zuwa Legas. Rashin kyan yanayi ya sa aka karkato shi Kano, a tsakiyar hunturu. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, wuta ta kama. Mutum 176 cikin 202 suka rasu, kuma a lokacin ba a taɓa yin hatsarin jirgi da ya fi shi yawan mamata ba. Filin jirgi ba titi da zauren jira ba ne kawai. Akwai tashar kashe gobara, wadda ƙa'ida ta ce motarta ta isa kowane baki na titi cikin minti uku. Akwai kafaɗar titi da shararren fili a gefensa don jirgin da ya kauce. Akwai kuma na'urar da ke jagorantar matuƙi idan hazo ya rufe, wadda matakinta na farko ke bukatar ya hango aƙalla mita 550 a kan titi, mataki na biyu mita 300. Duk shekara idan buji ya sauka aka soke jirage a Kano da Sakkwato da Maiduguri, tambayar da ke ƙarƙashin hayaniyar ita ce wane mataki aka saya, kuma yana aiki ko ba ya yi.

Mutanen gaɓar Kwara kuwa ta wata ƙofa suka fara sanin masu zane. Daga 1964 zuwa 1968 aka gina madatsar Kainji, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi aikin, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a Fabrairu 1969. Tafkin ya miƙe kimanin kilomita 136 daga bakin madatsar zuwa wajen Yelwa, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da fadamun da Gungawa ke noman albasa, aka tashi mutum wajen 44,000. An zana sabon gari, Sabuwar Busa, an zana sababbin ƙauyuka a ƙasar Yawuri da Ngaski da Borgu, da gidaje iri ɗaya na bulo masu lanƙwasasshen rufi waɗanda maginin Ingila Robin Atkinson ya tsara. Jama'a suka shiga, da yawa suka ƙara nasu ɗakunan laka da rumbuna da danga, domin gidan da aka zana daga nesa bai san yawan matan mai gida ba, bai san inda akuya za ta kwana ba. An kuma gina wa madatsar ƙofar wucewar manyan jiragen ruwa, da fatan kaya za su riƙa tasowa daga teku har Yawuri. Wannan zirga-zirga ba ta taɓa kankama ba. Na tsaya a kan wannan ne don dattawan yankin sun riga sun san darasin da tarihin filayen jirgi ke maimaitawa, sun san shi a cikin ɗakin kwanansu.

Mu koma Kano, ga ɓangaren zane mafi wuyar gani, wato tsawo. Iska mai zafi shara-shara take, haka ma iskar tudu. Fukafuki ba ya samun abin riƙewa sosai, inji ba ya samun abin shaƙa, sai jirgi ya bukaci doguwar tsere kafin ya ɗaga. Lissafin da injiniyoyi ke fara yi shi ne a ƙara kashi 7 cikin ɗari na tsawon titi a kan kowace mita 300 ta tudu, sannan a ƙara kashi 1 a kan kowane digiri na zafi da ya haura ma'aunin da aka yarda da shi. Filin Kano yana bisa teku da mita 476, inda ma'aunin ya ce zafi ya zama digiri 12, alhali da bazara yakan kai 38. Idan aka haɗa, titin da mita 2,000 za ta ishe shi a bakin teku a rana mai sanyi, a Kano sai ya doshi 2,800. Shi ya sa babban titin ya kai mita 3,300.

Ranar 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana, jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 ya nufi Legas. Ana gyaran babban titi, saboda haka ta ƙaramin ya tashi. Ya cinye titin bai ɗaga ba, ya shiga turɓaya, injinansa suka shaƙi ƙura, ya ɗan tashi, sannan ya faɗa kan gidajen Gwammaja. Fiye da mutum ɗari suka rasu, cikinsu da ministan wasanni Ishaya Mark Aku, da kuma mutanen unguwa da ke cikin gidajensu, waɗanda ba su sayi tikitin kowa ba. Binciken ya ɗora nauyi a kan rashin yin lissafin zafi da nauyi yadda ya kamata. Amma akwai abin da taswira ke faɗa ba tare da bincike ba. Filin da aka kafa a bayan gari yanzu gari ya zagaye shi, Fagge da Sabon Gari da Birged ta wannan ɓangare, Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa ta wancan. Jirgin da ya tashi ta fuskar kudu maso yamma kan rufin mutane yake bi tun daga daƙiƙun farko. Ba wanda ya zana haka. An dai yi ta yanka filaye shekara bayan shekara, hukumar jiragen sama na kallon cikin shinge, hukumar filaye na kallon wajensa. Sabon ginin matafiya na ƙasa da ƙasa da kamfanin CCECC ya gina da rancen dala miliyan 500 da Najeriya ta karɓo daga bankin Exim na Sin a 2013, don Kano da wasu manyan filaye, ya gyara zauren jira, amma ba gini da zai mai da waɗancan unguwanni gonaki. Duk da haka titi biyun Kano dukiya ce. Abuja mai titi ɗaya sai da aka rufe ta ɗungurum mako shida daga 8 ga Maris 2017, aka mai da jirage Kaduna.

Filin jirgin da ya fi kusa da ruwan tafkin namu na soja ne, sansanin Kainji da ke gefen Sabuwar Busa, wanda ya daɗe yana zaman gidan jiragen Alpha Jet. A 2021 ya sami sababbin baƙi, jirage 12 ƙirar A-29 Super Tucano da Najeriya ta saya daga Amurka a cinikin kusan dala miliyan 500. Shida na farko sun iso a Yuli, wata guda bayan 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni, kuma a Kano suka fara sauka. Injiniyoyin sojan Amurka suka kula da aikin gyaran sansanin na kimanin dala miliyan 38, wanda aka miƙa a 2023. Jerin abin da aka gina darasi ne a kan tsarin filin soja: rumbunan ajiye makamai nesa da sauran gine-gine, keɓantaccen dandali inda ake loda kayan da ke iya fashewa, rumfunan kare jirage daga rana, fitilun titi don tashin dare, ɗakin na'urar koyon tuƙi, da shinge. Kowane abu an auna tazararsa da ɗan'uwansa, ta yadda idan ɗaya ya kama wuta ba zai ja saura ba. Aiki ne da aka san wanda aka yi wa shi, aka kuma yi masa daidai.

A shekarar da waɗannan jirage suka iso dai, ranar 26 ga Mayu 2021, wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka tsamo da rai kimanin ashirin ne. Matafiyan da suka fi yawa a wannan gaɓa su ne masu hawa kwale-kwale a Warra da Yelwa da mashigin Zamare zuwa Rofiya. Abubuwan da filin jirgin sama ya ɗauka wajibi tun shekarun 1950, rubuta sunan kowane fasinja, auna kaya kafin tashi, duba yanayi, tanadin masu ceto a kusa, su ne dai abubuwan da tashar jirgin ruwa ke bukata.

Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, ta yi shekaru alhazanta na tashi daga filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato. A zamanin Gwamna Sa'idu Dakingari, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka gina babban fili a Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, aka sa masa sunan Sir Ahmadu Bello. Lokaci ne da jihohi ke rige-rigen gina filaye, Katsina da Gombe da Jigawa da Bauchi duk sun yi nasu, kuma masu sukar cewa an kashe kuɗi a kan wurin da ke yini shiru suna da hujja. Amma a ganina akwai wani abu da ya kamata a faɗa: a waɗannan filaye an auna tsawon titi da faɗin dandalin ajiye jirgi da babban jirgin alhazai a zuciya tun daga takarda. Ranar 15 ga Mayu 2024 jirgin farko na alhazan Najeriya na wannan shekara daga Ambursa ya tashi, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya yi musu rakiya. Maniyyacin Shanga ko Ngaski har yanzu sai ya sha hanyar Koko da Jega kafin ya ga jirgin, amma a jiharsa yake tashi.

Abin da Ambursa take da shi wanda Kano ta rasa shi ne sarari, domin akasarin abin da ke kewaye da ita har yanzu gonaki ne. Ƙa'idar ICAO ta shata wata shimfiɗa a sama wadda ido ba ya gani, tana farawa daga bakin titi ta miƙe kilomita 15. A kilomita uku na farko tana hawa da mita 2 a kan kowace mita 100, ma'ana a nisan kilomita guda daga bakin titi, bene ko hasumiyar masallaci ko turken wayar salula kada ya wuce mita 20. Ƙa'idar ta kuma ce a sa ido kan juji da mayanka da duk abin da ke tara ungulu da shirwa a cikin kilomita 13, saboda tsuntsu ɗaya na iya kashe inji. Waɗannan layuka ba a ofishin injiniyan jirgi ake tsare su ba. Suna hannun ma'aikatar filaye a Birnin Kebbi, da hakimai da dagatan da ake zuwa wurinsu sayen gona a yanka fuloti.